Man giya: Sakacin da ke kwantar da mota alhali injinta lafiya lau

Akwai al'adar da kusan duk mai mota a biranenmu ya riƙe hannu bibbiyu. Da zarar an yi wata biyu ko uku, ko kuma an dawo daga doguwar tafiya, sai a kai mota gareji a yi mata juye. A zubar da tsohon baƙin mai, a zuba sabo, a canja filta, a sallami makaniki, kowa ya kama gabansa. Amma idan aka tambayi masu yin hakan yaushe rabon da a canja man giyar motarsu, da yawa sai su yi shiru. Wasu za su ce tun da suka saye ta ba a taɓa ba, wasu kuma su ce an gargaɗe su cewa man giya ba a taɓa shi.

Sakamakon wannan shiru yana nan jibge a garejin kanikawa: motoci masu kyan jiki, injinsu na tashi da bugu ɗaya, amma an sa giya sun ƙi motsi. Ga ɗan kasuwar da motarsa ce ƙafarsa tsakanin shago da sito, ko ma'aikacin da ya yi shekaru yana tara kuɗi ko biyan bashin adashe kafin ya mallake ta, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Bayan inji, babu wani sashe na mota da ya kai akwatin giya tsada, musamman a mota otomatik. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yunin wannan shekarar, farashin kayan gyaran da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, don haka kuskuren da a da ake iya jurewa, yanzu yana iya ajiye mota tsawon watanni.

Aikin da man giya yake yi

A motar da ake sa wa giya da hannu, aikin man giya mai sauƙi ne: ya shafe haƙoran ƙarfe da boris don kada su ci juna, ya kuma rage zafi. A mota otomatik kuwa, man yana yin ayyuka da dama a lokaci guda, kuma idan babu shi motar ko taku ɗaya ba za ta yi ba.

Na farko, shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wata tukunyar ƙarfe a rufe, cike da mai, wadda ake kira tok kwanbata. A cikinta akwai wasu fukafukai masu fuskantar juna. Inji yana juya na farko, na farkon ya watsa mai da ƙarfi a kan na biyu, na biyun ya juya ya tafi da giya. Wannan ne ya sa direba ke iya taka birki ya tsaya cak motar tana cikin giya ba tare da inji ya mutu ba.

Na biyu, shi ne yake canja giya. Akwai famfo a cikin akwatin da ke tura man da matsi zuwa wani sashe mai ɗauke da ƙananan hanyoyi masu sarƙaƙiya da ƙofofi, wanda kanikawa ke kira balbodi. Kwamfutar mota tana buɗewa da rufe waɗannan ƙofofi ta hanyar wasu ƙananan na'urorin lantarki, sai man ya bi hanyar da aka buɗe masa ya matse wasu faya-fayan kuloci, waɗanda a gareji ake kira faiba. Matse wannan rukuni da sakin wancan shi ne canjin giyar da direba ke ji.

Na uku, yana daidaita yadda faya-fayan nan ke kama juna. An zuba masa wasu sinadarai da ke sa kamun ya zo daidai, ba da fizga ba, ba kuma da santsi ba. Na huɗu, yana kwashe zafi ya kai shi wani ƙaramin bututun sanyaya mai, wanda a yawancin motoci yake cikin lagireto. Na biyar, yana wanke datti ya riƙe shi har ya isa matata. Mai guda ɗaya ke ɗauke da duk waɗannan nauye-nauye, kuma kowane ɗayansu yana cinye wani abu daga ƙarfinsa.

Yadda man yake tsufa

Babban abokin gabar man giya shi ne zafi. A tafiya ta yau da kullum, zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya haura haka, man yakan fara haɗuwa da iska yana ƙonewa sannu a hankali. Masana harkar mai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan zafin da ya dace yana ninka saurin lalacewar mai, wato yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. Ma'ana, man da zai yi shekaru a motar da ke gudu a buɗaɗɗiyar hanya zai iya gajiya da wuri ƙwarai a motar da ke yini a cunkoso.

Idan man ya ƙone, launinsa yakan juya daga ja zuwa ruwan ƙasa, daga nan zuwa baƙi. Yakan bar wani danƙo mai kama da gam a jikin ƙarafa, da kuma laka a ƙasan kaskon mai. Sinadaran da aka zuba masa don hana kumfa, hana tsatsa da daidaita kamun kuloci sukan ƙare. Kaurinsa ma yakan ragu saboda yawan matsa shi tsakanin haƙoran giya.

Ban da wannan, duk lokacin da giya ta canja, faya-fayan kuloci sukan ɗan goge, su zubar da gari mai laushi a cikin man. Ƙarafa su ma suna zubar da nasu. Akwai maganaɗisu a kaskon mai da ke kama garin ƙarfe, akwai kuma matata, amma dukansu suna da iyaka. Abin da suka kasa riƙewa yana ci gaba da zagaye cikin akwatin, yana goge duk inda ya bi.

Abin da ke biyo bayan sakaci

Lalacewar ba ta zuwa dare ɗaya, kuma kowane mataki shi ke haifar da na gabansa. Danƙo da gari sukan fara taruwa a ƙananan hanyoyin balbodi, sai ƙofofin su riƙa maƙalewa, su buɗe a makare ko su ƙi rufewa sosai. Matatar ta toshe, famfo ya kasa jan isasshen mai, matsi ya ragu. A lokaci guda zafi yana busar da robobin da ke hana mai zurarewa, su yi tauri su tsattsage, matsin ya ƙara raguwa.

Da zarar matsi ya yi ƙasa, faya-fayan kuloci ba sa matsuwa yadda ya kamata, sai su riƙa sulɓewa a kan juna. Sulɓewar tana haifar da zafi mai tsanani, zafin ya ƙara ƙona man, faya-fayan su ƙara zubar da gari, garin ya ƙara toshe hanyoyi. Daga wannan gaɓa lalacewar takan yi sauri. Ƙarshenta shi ne faya-fayan su ƙone ƙurmus, motar ta rasa wata giya, sau da yawa ribas ko giya ta uku, ko kuma ta daina motsi ɗungurungum.

Kafin a kai nan ma mai motar ya daɗe yana asara ba tare da ya sani ba. Giyar da ke sulɓewa tana ɓarnatar da ƙarfin inji, don haka motar takan ƙara shan fetur. Akwai kuma batun rai. Direban da ya fito zai wuce tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya taka totur, inji ya yi ƙara amma motar ta ƙi ƙara gudu, ga kuma wata motar na tahowa, ya shiga haɗarin da kuɗi ba sa gyarawa. Haka wanda motarsa ta tsaya da dare a dajin da ba a so a tsaya.

Alamomin da mota ke bayarwa

Mota takan yi gargaɗi tun da wuri, sai dai a ƙi saurara. Alama ta farko da aka fi gani ita ce jinkiri: a sa giya a D ko R, a jira daƙiƙa biyu ko uku kafin ta shiga, musamman da safe. Ta biyu ita ce fizga, inda motar ke yin tsalle ko a ji kamar an buge ta daga baya a lokacin canjin giya. Ta uku ita ce sulɓewa: allurar da ke nuna juyin inji ta hau sama, ƙara ta ƙaru, amma gudu bai ƙaru ba.

Akwai kuma kakkarwa, wadda ake ji a matsakaicin gudu kamar an hau kan hanya mai gargada alhali kwalta sumul take. Wannan sau da yawa daga kulocin da ke cikin tok kwanbata ne, kuma yana cikin matsalolin da sabon mai kan magance idan an yi hanzari. Sauran alamomin sun haɗa da kuka ko gunji daga ƙarƙashin mota, warin ƙuna bayan doguwar tafiya, ɗigon jan mai a inda aka ajiye mota, da kunnuwar fitilar gargaɗin inji.

Wani lokaci motar takan maƙale a giya ɗaya, ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Kwamfutar mota ce ke yin haka da gangan idan ta hango matsala, don a lallaɓa a isa gareji. Abin da ya dace a nan shi ne a jona na'urar bincike a karanta lambar matsalar. Lambar P0700, alal misali, tana nuna cewa kwamfutar giya ta ga wani aibu. Goge lambar a ci gaba da tafiya daidai yake da kashe ƙararrawa a bar gobarar tana ci.

Dalilin da ya sa motocinmu suka fi fuskantar haɗarin

Littafin da kamfani ke haɗowa da mota yakan ba da jadawali biyu: na tuƙi na yau da kullum, da na tuƙi mai tsanani. A ƙarƙashin na biyun akan lissafa zafin gari, ƙura, yawan tsayawa da tashi, ɗaukar kaya masu nauyi, da gajerun tafiye-tafiye. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai ga cewa rayuwar mota ce a Najeriya aka siffanta.

A Sakkwato da Maiduguri zafin rana yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Mai bin hanyar Mararraba da Nyanya zuwa cikin Abuja kowace safiya, ko mai kutsawa ta wajen Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, yana shafe lokaci mai tsawo yana taka birki yana saki, iska ba ta ratsa lagireto sosai, tok kwanbata kuma na ta dama mai yana zafafa shi. Ga lodin kaya a but har mota ta durƙusa, ga tafiyar Sallah da iyali da buhuna.

Damina tana zuwa da nata. Akwatin giya yana da wata ƙaramar kafar shaƙar iska a samansa, kuma idan aka kutsa cikin ruwa mai zurfi, ruwan na iya shiga ta nan. Ruwa kaɗan ya isa ya lalata gam ɗin da ke riƙe da fatar faya-fayan kuloci. Hanya ta biyu da ruwa ke shiga ita ce ta lagireto. Masu zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla maimakon ruwan sanyaya inji na musamman suna jawo tsatsa, tsatsar ta huda bututun man giya da ke ciki, ruwa da mai su gauraya. Idan aka ga man giya ya koma kamar madara mai ruwan hoda, a kashe mota nan take, a nemi abin da zai ɗauke ta.

Sai kuma babban batu: yawancin motocinmu na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokunbo. Sun iso bayan sun yi shekaru suna aiki a Amurka ko Turai, babu takardar da ke nuna abin da aka yi musu. Waɗanda suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kimanin kilomita 1.6 ne. Motar da ke nuna 120,000 ta riga ta yi fiye da kilomita 190,000, wannan ma idan ba a mayar da lambar baya ba kafin a kai ta kasuwa.

Shin gaskiya ne ba a taɓa man giya?

Wannan magana ta yaɗu, kuma tana da tushe biyu. Na farko shi ne abin da mutane suka gani da idonsu: an canja wa mota man giya, bayan mako guda ta daina tafiya. Abin da ya faru a mafi yawan irin wannan shi ne, mai motar bai tuna da man ba sai da giyar ta fara sulɓewa, wato faya-fayan sun riga sun cinye. Garin da suka zubar a cikin tsohon man, tare da kaurin da ƙuna ta ba shi, shi ne ɗan abin da ya rage yana taimaka musu su kama. Da aka zuba mai tsabta, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Wani lokacin kuma man da bai dace ba aka zuba, ko jabu, ko aka zuba ƙasa da kima. A duk waɗannan, jinkiri ko kuskuren aiki ne ya kashe giyar.

Tushe na biyu shi ne wasu kamfanoni sun rubuta cewa man giyar motocinsu na tsawon rayuwa ne, har suka cire gejin da ake duba shi. Sai dai wannan alkawari an gina shi ne a kan tuƙi na yau da kullum a ƙasashe masu sanyi da hanyoyi masu kyau, kuma kamfanonin ba su faɗi shekara nawa suke nufi da rayuwa ba. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera akwatunan giya ga BMW da wasu manyan kamfanoni, shi da kansa yana ba da shawarar a canja man idan motar na aiki cikin yanayi mai tsanani. Toyota ma ta tanadi canjin man a jadawalinta na tuƙi mai tsanani, a wajajen mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000.

Kowace giya da irin nata mai

A kasuwanninmu akan ji mai saye ya ce a ba shi man giya ja, kamar dai launin shi ne sunan. Jan launin rini ne kawai da ake sakawa don a bambanta shi da baƙin mai. Kamfanin General Motors ne ya fitar da ma'aunin Dexron a 1967, kuma samfurinsa na uku, Dexron III, shi ne ya fi cika shaguna a nan. Ya dace da tsofaffin motoci da yawa, amma bai dace da kowace mota ba.

Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana amfani da T-IV, yayin da Camry daga 2007, wadda ake kira Muscle, ke amfani da WS, wanda ya fi tsinkewa. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda aka fi sani da EOD, an yi ta ne da ATF-Z1, wanda daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1. Motocin Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Akan rubuta sunan man a jikin gejin ko a littafin mota, kuma wannan rubutun ya fi ƙarfin shawarar kowa.

Inda aka fi tafka ɓarna shi ne a sabon salon giya da ake kira CVT. Ita ba ta da matakan giya na ɗaya, biyu, uku. Bel ne na ƙarfe ko sarƙa ke gudana tsakanin wasu gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Irinta ce a Nissan Murano, da Altima daga 2007, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, da yawancin Corolla ƙirar Amurka daga 2014. Direba ba zai gane bambancin daga sandar giya ba, domin P, R, N da D ɗin duk ɗaya ne. Amma manta daban ne: Nissan na da NS-2 da NS-3, Honda na da HCF-2. Zuba mata man otomatik na gama-gari yana sa bel ɗin ya sulɓe ya kankare gargaren, kuma irin wannan ɓarna ba kasafai ake iya gyara ta ba.

Sai a kula da jabu. Ana cika tsofaffin galan da gwangwani da mai mara inganci a sake liƙe su, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama irin waɗannan mayuka. A saya daga dila da aka sani, a duba hatimin murfi, a kuma yi shakkar duk farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa sosai. Araha ba ta ado.

Yaushe ya kamata a canja, kuma ta yaya?

Littafin mota shi ne alƙali, kuma jadawalin tuƙi mai tsanani shi ne namu. Ga wanda ba shi da littafin, ana samun na yawancin motoci kyauta a intanet. A dunƙule, canja man otomatik a tsakanin kilomita 50,000 zuwa 60,000 matsaya ce mai aminci a yanayinmu, CVT kuma gara a gaggauta mata fiye da haka. Akwatin DSG na Volkswagen mai jiƙaƙƙen kuloci, kamfanin ya ƙayyade masa kilomita 60,000. Ma'aikacin da ke yin kilomita 50 a rana, kwana biyar a mako, yana yin kimanin 13,000 a shekara, don haka duk shekara huɗu ya ishe shi. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja kowane mako, tafiyar da ta haura kilomita 800 zuwa da dawowa, zai cika wannan adadi cikin shekara ɗaya da 'yan watanni.

Duba man ba ya buƙatar makaniki idan motar na da geji. A yi ɗan tuƙi har ta ɗumama, a tsaya a wuri mai daidaito, a zagaya da sandar giya kowane matsayi a dawo da ita P. A Toyota da yawancin motoci ana dubawa inji na aiki, a tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan da nan. A goge gejin da farin ƙyalle. Ja ko ruwan ƙasa mai haske ba matsala. Ruwan ƙasa mai duhu na nufin lokaci ya yi. Baƙi mai warin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, na nufin ɓarna ta riga ta fara, kuma a nan a nemi ƙwararren mai gyaran giya ya duba kafin a taɓa komai. Wari ya fi launi faɗin gaskiya, domin wasu mayukan sukan yi duhu da wuri alhali suna da sauran ƙarfi.

Hanyar canji mafi aminci ita ce a kwance noti a tsiyaye, a auna abin da ya fito, a mayar da sabo daidai wannan adadi, sannan a tabbatar da geji. Wannan ba ya fitar da man gaba ɗaya, domin mai yawa yakan rage a cikin tok kwanbata. A ƙaramar mota mai ɗaukar kimanin lita bakwai, lita uku ko kusa da haka ne ke fita. Shi ya sa idan man ya tsufa sosai ake maimaita aikin. Idan kowane zagaye yana fitar da kashi 40 cikin 100, bayan zagaye uku, da ɗan tuƙi a tsakaninsu, kusan kashi 78 na man ya zama sabo. Wannan sauyi na sannu a hankali ya fi dacewa da tsohuwar mota fiye da wanko da injin matsi, wanda ke iya tayar da laka ya cusa ta cikin balbodi. Inda zai yiwu, a sauke kaskon mai a wanke shi da maganaɗisunsa, a canja matata da gasket.

Kima tana da muhimmanci. Idan man ya yi ƙasa, famfo zai ja iska. Idan ya yi yawa, ƙarafa masu juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi. Motocin da ba su da geji ana auna nasu ne ta wata kafa a jikin akwatin, a wani takamaiman zafi da ake karantawa da na'ura, don haka sai garejin da ke da kayan aikin.

Masu giyar hannu da sauran halayen tuƙi

Giyar hannu ta fi juriya, amma ita ma manta na tsufa. Alamarta ita ce giya ta yi tauri, ko ta yi ƙara lokacin shiga, ko a ji gunji a kan gudu. A cikinta akwai zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kuma wasu mayuka masu alamar GL-5 na ɗauke da sinadaran da ke iya cin tagulla. Idan littafi ya ce GL-4, a tsaya a kansa.

Wasu halayen kuma suna rage kwanan giya ko da man sabo ne. Sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba yana daga ciki. Haka riƙe mota a kan tudu da totur maimakon birki, da barin nauyinta a kan P ba tare da jan birkin hannu ba. Mafi muni shi ne ɗaura wa mota otomatik igiya a ja ta tafiya mai nisa inji a kashe, domin famfon mai ba ya aiki sai inji na juyawa, ƙarafan ciki kuwa suna ta juyawa a bushe.

Lissafin a bayyane yake. A ɓangare guda akwai kuɗin 'yan litocin mai da ladan makaniki, sau ɗaya a shekaru. A ɗaya ɓangaren akwai sayen wani akwatin giya na hannu a Ƙofar Ruwa, Panteka, Apo ko Ladipo, wanda kuɗinsa ya ninka na man sau da yawa, ga kuɗin saukewa da ɗorawa, ga kwanakin da za a yi ana hawa haya. Kuma shi wannan akwatin da aka sayo, babu wanda ya san irin sakacin da mai shi na farko ya yi masa.

Saboda haka, duk wanda ya sayi mota ta hannu ya sa duba man giya cikin ayyukan makon farko. Wanda kuma ya daɗe da tasa, ya buɗe bonet gobe da safe bayan ta ɗumama, ya zaro gejin ya shinshina. Idan aka canja, a rubuta kwanan wata, da lambar tafiya, da sunan man a ɗan littafi a ajiye cikin mota. Wannan rubutu zai tuna wa mai ita lokaci na gaba, kuma ranar da zai sayar da ita, hujja ce da za ta ƙara mata daraja.